Jini a Kashin Kyanwa

Jini a kashin kyanwa alama ce da ke nuna cewa wani wuri a hanyar abincin dabbar, tun daga baki har zuwa dubura, ya ji rauni ko ya kumbura, ko kuma jininta ya daina daskarewa yadda ya kamata. Alama ce da cututtuka da dama suke tarayya a kanta, wasu masu sauƙi da kan wuce cikin kwana biyu, wasu kuma masu kisa cikin ƙanƙanin lokaci. Abin da ke raba matsalar da za ta iya jiran wayewar gari da wadda ba ta jiran ko sa'a guda shi ne launin jinin da yawansa, sannan da halin da ita kanta kyanwar take ciki a lokacin da aka gan shi.

Kamannin jinin

Likitocin dabbobi sun kasa jinin gida biyu. Na farko shi ne ɗanyen jini ja, wanda suke kira hematokiziya. Yakan fito a matsayin zare-zare a jikin kashin, ko ɗigo ɗaya ko biyu a ƙarshensa, ko kuma ya cakuɗe da wani abu mai yauƙi kamar majina. Jansa yana nuna cewa daga kusa ya taho, wato daga babban hanji ko dubura ko bakinta, bai yi tafiya mai nisa da zai sauya launi ba. Idan babban hanji ne ya kumbura, sau da yawa za a ga kyanwar tana ta zarya zuwa wurin kashinta, ta tsuguna ta yi ta yunƙuri, abin da zai fito kuwa ɗan kaɗan ne.

Na biyu shi ne baƙin kashi mai ƙyalli da danƙo kamar kwalta, mai wari na daban, wanda ake kira melena. Wannan jini ne da ya zuba a ciki ko a ƙaramin hanji, ko wanda kyanwar ta haɗiye daga raunin baki ko hanci ko huhu, ya narke tare da abinci har ya yi baƙi. Mutane sun fi firgita da jan jini saboda ido yana gane shi nan take, amma baƙin ya fi shi haɗari a mafi yawan lokuta, domin sai jini mai yawa ya zuba kafin kashi ya rine haka. Maganin ƙarin sinadarin ƙarfe da garin gawayin da likitoci kan bayar idan an ci guba su ma suna baƙanta kashi. Ana iya gwadawa ta hanyar ɗora ɗan kaɗan a kan farar takarda mai danshi: idan jini ne, sau da yawa ja zai nasa ya bazu a gefen abin da aka ɗora.

Yana da kyau a san cewa jinin jikin kyanwa ba shi da yawa. Tana da kimanin mililita 60 a kowane kilo na nauyinta, ke nan kyanwa mai kilo 4 ba ta da jinin da ya wuce kwatan lita. Ɗan kyanwa mai rabin kilo kuwa, duk jinin jikinsa bai fi cikin babban cokali biyu zuwa uku ba. Saboda haka asarar da babbar kyanwa za ta jure tana iya kai jariri ƙasa.

Abubuwan da ke jawo shi

A ƙananan kyanwoyi da waɗanda ke yawo a waje, tsutsar ciki da sauran halittun da ke rayuwa a hanji su ne ke kan gaba. Tsutsa mai ƙugiya, wadda nau'inta da ya fi kama kyanwa shi ne Ancylostoma tubaeforme, tana maƙale wa bangon ƙaramin hanji ta riƙa shan jini, kuma idan ta saki wuri ta koma wani, raunin da ta bari yakan ci gaba da tsattsafowa. Akwai kuma ƙananan halittu da ido ba ya gani, irin su koksidiya da Giardia da Tritrichomonas. Ta ƙarshen nan takan addabi ƙananan kyanwoyi a gidajen da ake kiwon su da yawa wuri guda, tana sa gudawa mai majina da jini wadda kan lafa ta dawo har tsawon watanni, alhali kyanwar tana cin abincinta kamar ba abin da ke damunta. Magungunan tsutsa na yau da kullum ba sa kashe ta, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa gwajin kashi ya fi yin magani da ka.

Kumburin babban hanji yana iya tasowa daga abin da mai kyanwa ba zai ɗauka da muhimmanci ba. Sauya abinci farat ɗaya, cin abin da ya lalace, ƙaura zuwa sabon gida, ko shigowar wata dabba, duk sun isa su tayar da shi. Wasu kyanwoyin jikinsu ba ya karɓar wani nau'in nama ko kifi ko madara. Wasu kuma suna fama da kumburin hanji mai daɗewa, wanda ke tafiya tare da yawan amai da rama sannu a hankali.

Taurin kashi ma yana kawo jini, domin busasshen kashi yana karce fatar dubura yayin fita. Lafiyayyar kyanwa takan yi kashi sau ɗaya ko biyu a rana, kuma idan ta kai kwana biyu zuwa uku ba ta yi ba, lamarin ya wuce a zuba ido. Ya fi yawa a tsofaffin kyanwoyi, musamman masu ciwon ƙoda, saboda jikinsu yana zubar da ruwa ta fitsari. Idan aka bar shi ya daɗe, babban hanjin yakan buɗe ya saki har ya kasa tura kashi da kansa. A gefen dubura kuma akwai wasu ƙananan jakunkuna biyu masu fitar da ruwa mai wari. Idan suka toshe suka yi ƙurji suka fashe, za a ga jini da mugunya, kyanwar kuma tana yawan lasar wurin.

Sauran dalilan sun fi tsanani. Kyanwa tana son wasa da zare, kuma harshenta yana da ƙananan ƙayoyi da suka karkata baya, don haka idan zare ya shiga bakinta da wuya ta iya tofar da shi. Wani lokaci kansa yakan naɗe a gindin harshe, sauran ya wuce cikin hanji, hanjin ya yi ta ƙoƙarin tura shi har ya tattare a jikinsa, zaren kuma ya riƙa yankarsa daga ciki. Duk wanda ya ga zare yana leƙowa daga duburar kyanwa ko bakinta kada ya ja shi ko kaɗan, domin jan yana iya huda hanjin. Cutar fanlukofeniya, wadda ƙwayar bairos ke haddasawa, tana lalata bangon hanji da fararen ƙwayoyin jini a lokaci guda, tana kuma kashe ƙananan kyanwoyin da ba a yi musu rigakafi ba cikin 'yan kwanaki. Ƙwayoyin bakteriya irin su Salmonella da Campylobacter su ma suna sa gudawar jini. A kyanwar da ta manyanta, jinin da ke tafiya yana dawowa tare da rama yana sa likita ya yi tunanin ciwon daji, kuma nau'in da ake kira limfoma shi ne ya fi yawa a hanjin kyanwa.

Guba da magungunan mutane

Wannan fanni ya cancanci a tsaya a kansa, saboda yawancin abin da ke cikinsa ana iya kauce masa. Mafi yawan gubar ɓera, irin masu ɗauke da sinadarin wafarin ko burodifakum, suna aiki ne ta hanyar hana jiki sake amfani da bitamin K, wanda hanta ke buƙata wajen haɗa sinadaran daskarar da jini. Kyanwa tana iya cin gubar kai tsaye, ko ta ci ɓerayen da suka ci ta. Abin da ke ruɗar mutane shi ne ba a ganin komai a ranar farko. Sai bayan kwana 3 zuwa 5 jini ke fara zuba a hanji, ko a ƙirji, ko ƙarƙashin fata. Akwai makari, wato bitamin K1, wanda ake bayarwa na tsawon makonni, kuma yana aiki sosai idan an fara da wuri. Wanda ya san kyanwarsa ta taɓa gubar bai kamata ya jira ya ga jini ba, kuma ya tafi da kwalin gubar domin likita ya san irinta.

Magungunan kashe zafin ciwo na mutane, kamar ibufurofen da dikulofenak da asfirin, suna huda bangon cikin kyanwa su haifar da gyambo mai zubar da jini, sannan suna lalata ƙoda. Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da ke sarrafa irin waɗannan magunguna, don haka sukan daɗe a jikinta su taru. Farasitamol ya fi su muni, domin ƙwaya ɗaya ta babban mutum tana iya kashe ta. Haka nan maganin gudawa mai sinadarin bismut yana ɗauke da ɗan'uwan asfirin, ruwan wankin hanji na mutane mai sinadarin fosfat kuma yana iya halaka kyanwar da aka ɗura wa shi ta dubura. Abin takaici ne ƙwarai cewa da yawa daga cikin irin waɗannan mace-mace tausayi ne ke jawo su, mai dabba ya ga tana wahala ya ba ta abin da shi yake sha.

Lokacin ganin likita

A tafi asibitin dabbobi nan take, ko da dare ne, idan kashin baƙi ne kamar kwalta, ko jinin yana da yawa ko guda-guda, ko gudawar ta zama kusan jini zalla. Haka kuma idan jinin ya haɗu da amai a kai a kai, ko kasala mai tsanani, ko numfashi sama-sama, ko ciwon ciki har kyanwar ta ƙi yarda a taɓa ta. Dasashi yana faɗin abin da sauran jiki ke ɓoyewa: a ɗaga leɓen a duba, na mai lafiya launinsa ja-ja ne mai haske, kuma idan aka danna shi da yatsa ya yi fari, launin yakan dawo kafin daƙiƙa 2. Dasashin da ya koɗe ya yi fari fat alama ce ta ƙarancin jini. Zafin jikin kyanwa yana tsakanin digiri 38 da 39.2 a ma'aunin salshiyos, kuma sanyin jiki a dabbar da ke zubar da jini ya fi zazzaɓi ban tsoro. Jarirai da tsofaffi da masu wata cuta ta dindindin ba a yi musu jira ko da jinin kaɗan ne.

Akwai kuskure ɗaya da ya kamata masu muzuru su kiyaye. Muzurun da ke tsugunawa yana yunƙuri yana kuka ba tare da wani abu ya fito ba, sau da yawa ana zaton taurin kashi ne, alhali hanyar fitsarinsa ce ta toshe. Ɗigon jinin da aka gani a wurin kashinsa yana iya zama daga mafitsara ya fito. Toshewar fitsari tana kisa cikin kwana biyu zuwa uku.

Idan kuwa ɗan zaren jini ne aka gani sau ɗaya, a jikin kashin babbar kyanwa da ke cin abinci tana shan ruwa tana wasanta, ana iya sa mata ido na sa'o'i 24 zuwa 48. Ya maimaitu, ko gudawa ta wuce kwana biyu, sai a kai ta. A cikin wannan jiran ba a hana ta abinci. Kyanwar da ta yi kwanaki ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse yakan taru a hantarta ya zama wata cutar da ta fi ta farkon. Ya kamata kuma a tuna cewa ɗabi'ar kyanwa ce ɓoye ciwo, don haka wadda ta lafe a lungu ta daina gyara gashinta ta riga ta jigata fiye da yadda ake gani.

Abin da likita zai yi

Bayani daga mai dabba rabin bincike ne: yaushe aka fara ganin jinin, me ta ci, an sauya mata abinci, tana fita waje, an sa guba a gida, yaushe rabonta da maganin tsutsa da rigakafi. Hoton kashin da aka ɗauka da waya yana taimakawa, amma ɗanyen kashi na ranar, a rufe cikin tsaftataccen mazubi, ya fi. Likita zai lalubi cikin, ya duba ƙarƙashin harshe da dubura, sannan a bincika kashin da madubin ƙara girma domin neman ƙwan tsutsa. Tun da ba kullum ƙwan ke fita ba, wani lokaci sai an maimaita gwajin. Gwajin jini yana nuna yawan abin da aka rasa da lafiyar hanta da ƙoda da saurin daskarewa. Idan ana zargin abin da aka haɗiye ko ƙari, sai a ɗauki hoton ciki, ko a zura siririyar kyamara a gutsuro ɗan naman hanji a auna.

Magani yana bin sanadi. Wata maganin tsutsa kaɗai take buƙata, wata abinci na musamman na wasu makonni, wata maganin laushin kashi, wata ƙarin ruwa ko tiyata. Idan ta kai ga ƙarin jini, dole a fara gwada rukuninsa, domin kyanwoyi suna da rukuni A da B da AB, kuma sa wa mai rukunin B jinin A yana iya kashe ta nan take. Ba kowace gudawar jini ce ke buƙatar maganin kashe bakteriya ba, bayar da shi barkatai ma yana rikita ƙwayoyin hanji masu amfani.

Kariya

Ana fara ba 'ya'yan kyanwa maganin tsutsa tun suna da kimanin mako 3, a maimaita duk bayan mako biyu har su kai wata biyu, sannan duk wata har su cika wata 6. Rigakafin fanlukofeniya yana farawa a mako 6 zuwa 8, ana maimaita shi duk mako 3 zuwa 4 har su kai mako 16. Sabon abinci ana shigar da shi a hankali cikin kwana 7 zuwa 10, ana cakuɗa shi da tsohon. Zare da allura da magunguna da gubar ɓera a ajiye su inda ba za ta kai ba.

Kwashe kashi kullum yana ba mai kyanwa damar ganin sauyi tun da wuri, yana kuma kare mutanen gida, domin tsutsar Toxocara da Salmonella da Campylobacter suna iya kama ɗan Adam. Ƙwayar Toxoplasma, wadda ke da haɗari ga ɗan tayi, sai ta yi kwana 1 zuwa 5 a cikin kashi kafin ta iya harbin mutum, saboda haka mace mai juna biyu ta bar wa wani wannan aikin, idan kuma babu yadda za ta yi, ta sa safar hannu ta kwashe a ranar, ta wanke hannu da sabulu bayan ta gama.