Gasar kyauta ta 'yan kasuwa a zangunan Kumasi

Gasar kyauta, wadda samarin zango (unguwannin Hausawa da sauran baƙi Musulmi a biranen Ghana) suka fi kira gibawe, hanyar talla ce da ɗan kasuwa ke bi a Facebook, Instagram, TikTok ko WhatsApp. Yakan ware wani abu daga hajarsa, ko kuɗi, ko katin waya, ya gindaya sharaɗi, wanda ya cika sharaɗin kuma ya dace ya ɗauka. Abin da mai haja ke nema shi ne sunan shagonsa ya kai kunnen waɗanda ba su san shi ba. A Kumasi an fi ganinta wurin teloli, masu atamfa da mayafi, masu turare, masu gyaran waya da masu abinci na unguwannin Aboabo, Asawase, Sabon Zango da Alabar, da kuma masu rumfuna a kasuwar Kejetia.

Asali

Ba da abu kyauta don jawo mai saye ya daɗe a kasuwancin Hausawa, kuma sunansa gyara. Mai koko ta ƙara ludayi, mai ƙosai ta jefa guda biyu a kan na kuɗinka, mai goro ya ɗora ɗaya bayan an gama ƙirga. Fataken da suka riƙa zuwa Salaga, garin kasuwa a arewacin Ghana, sayen goro sun zo da wannan ɗabi'a tare da ta fatoma, inda maigida ke saukar da baƙon ɗan kasuwa, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da masu saye, ya samu la'adarsa. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi da yaƙi a 1874 kasuwar Salaga ta fara ja da baya, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa 'yan kasuwarta. Da yawansu sun gangaro kudu, zangon Kumasi ya bunƙasa a wajen farkon ƙarni na 20. A irin wannan ciniki da ba a rubuta yarjejeniya, sunan mutum shi ne jarinsa, kyauta kuwa tana cikin abubuwan da ke gina sunan.

Siffar gasa, wato tambaya da amsa da wanda ya ci, ta fi kama da abin da rediyo ya saba wa mutane. Gidan rediyon gwamnati na GBC ya daɗe yana shirye-shirye da Hausa. Bayan kundin tsarin mulki na 1992, gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara buɗewa a tsakiyar shekarun 1990, shirin kacici-kacici ta waya ya samu karɓuwa: mai shago ya ɗauki nauyin shiri, a ambaci sunansa sau da yawa, wanda ya amsa daidai ya je shagon ya karɓi kyautarsa. Tashoshin da ke magana da mutanen zango, irin su Zuria FM a Kumasi, sun ci gaba da wannan salo. Ga kuma musabaƙar Alƙur'ani da makarantun Islamiyya ke yi, inda attajirai ke ba da kyaututtuka a gaban jama'a. Kamfanonin waya da na lemo su ma sun saba wa jama'a da garaɓasar katin gogewa da murfin kwalba.

Abin da ya sauƙaƙa wa ƙaramin ɗan kasuwa shiga shi ne tura kuɗi ta waya. MTN ta fara MoMo a Ghana a 2009, daga nan mai shago a Aboabo zai iya biyan wanda ya ci gasa yana Tamale ko Nima ba tare da sun haɗu ba. Shigowar Status a WhatsApp a 2017 ta ba mata masu sana'a a cikin gida wurin baje kaya ba da kuɗin talla ba. Ba a san takamaiman lokacin da gasar ta zama ruwan dare a zango ba, amma ana ganin ta yaɗu ne a ƙarshen shekarun 2010.

Yadda ake yi

Mafi sauƙi shi ne a ce a bi shafi, a yi sharhi, a ambaci abokai. Akwai ta tambaya, inda wanda ya fara amsa daidai ke ci, da ta hoto, inda mai saye ke sa hotonsa sanye da ɗinkin telan a ƙirga wanda ya fi samun masu danna alamar so. Wasu kan rubuta lambar katin waya a fili, mai saurin hannu ya loda. Lokacinta azumi da jajibirin Sallah, sa'ad da ake neman yadi da takalma da kayan shan ruwa.

Masu sana'ar sun lura cewa kyautar kuɗi tana tara jama'ar da ke watsewa da zarar an sanar da sakamako, alhali kyautar haja, kamar turmin atamfa ko kwanon waakye (shinkafa da wake) na mako guda, tana jawo wanda dama mai saye ne. Gasar ƙirga masu so kuwa ta fi jawo rigima, domin ana sayen ƙuri'u da shafukan bogi. Shi ya sa wasu ke fitar da sunan wanda ya ci a bidiyo kai tsaye, wani lokaci a gaban wani dattijo ko malami da unguwa ta yarda da shi.

Ƙa'idojin kamfanoni da dokar ƙasa

Facebook ya halatta yin gasa kai tsaye a shafin kasuwanci a 2013, a 2014 ya hana tilasta wa mutum danna alamar so kafin ya ga abin da ke shafi, a ƙarshen 2017 kuma ya fara rage yaɗuwar rubutun da ke roƙon sharhi da yaɗawa. Ƙa'idarsa ba ta yarda a sa "yaɗa a shafinka" ko "ambaci abokanka" su zama sharaɗin shiga ba, ko da yake ana yi kullum. Instagram na buƙatar mai gasa ya bayyana cewa ba kamfanin ne ya shirya ta ba.

A Ghana, dokoki biyu na 2006 ne suka shafi duk abin da sa'a ke yanke hukunci a cikinsa: doka ta 721 da ta kafa hukumar kula da wasannin caca, da ta 722 da ta kafa hukumar lotto ta ƙasa. Manyan kamfanoni kan nemi izini kafin su yi ƙuri'ar talla. Lambobin waya da sunayen da ake tarawa kuma suna ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2012.

Mahangar malamai

Caca haramun ce bisa aya ta 90 a Suratul Ma'ida. Yawancin malamai na ganin gasar da ba a biyan kuɗin shiga kyauta ce halal, wadda ake biya kuwa caca ce. Inda aka sharɗanta sayen kaya akwai saɓani: wasu sun halatta idan ba a ƙara farashi ba kuma mai sayen dama yana bukatar kayan, wasu sun hana.

Damfara

'Yan damfara kan buɗe shafi mai kama da na shagon gaske, su aika wa waɗanda suka yi sharhi saƙon cewa sun ci, sai dai su turo kuɗin ɗan aike ko su faɗi lambar sirrin MoMo. Tsofaffi da waɗanda ba su iya karatun boko ba sun fi faɗawa, kuma mai shagon da aka ari sunansa shi ke shan zargi a unguwa. Hukumar tsaron intanet ta Ghana, wadda dokar 2020 ta kafa, tana karɓar irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe ta lamba 292.