Alamomin gado a nazarin zumuntar tsirran sikad

Sikad wasu tsirrai ne masu kaurin kututture da ganye irin na dabino. Mutumin Damagaram da ya saba da goruba da giginya zai ɗauka ƴan'uwansu ne, amma kama da wane ba ta wane ba ce. Sikad ba ya fure, yawancinsa a cikin wani kai mai siffar abarba yake yin iri, kuma namiji daban, mace daban. Akwai kusan iri 370 a duniya. Ba ya fitowa a dajin Zinder. Na kusa da mu shi ne Encephalartos barteri, da ke Najeriya da Benin da Togo da Gana.

Da ido kaɗai, rarrabe su yana da wuya, don ganyen ya kan yi kama, kuma tsiron kan yi shekaru kafin ya fitar da kai. Shi ya sa masana suka koma ga DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, wanda a makarantun Nijar ake kira ADN. Alamar gado wani ɗan yanki ne na DNA da ake karantawa a tsirrai da yawa a gwada, kamar yadda tsagar fuska take nuna asalin mutum. Ana tsinkar ɗan ganye, a busar, a niƙa, a tace DNA ɗinsa, sannan a karanta yankuna irin su rbcL da matK. Waɗanda bambancinsu ya yi kaɗan, kakansu bai yi nisa ba.

Wannan hanya ta rushe abin da aka daɗe ana ɗauka. Da can an haɗa wasu sikad biyu, Stangeria ta kudancin Afirka da Bowenia ta Ostireliya, gida ɗaya, DNA ya raba su. A 2011 masaniyar tsirrai Nathalie Nagalingum da abokan aikinta suka nuna cewa, ko da yake asalin sikad ya haura shekara miliyan 250, ire-iren da ke raye yau sun rarrabu ne cikin kusan shekara miliyan 12 da suka wuce.

Abin tausayi shi ne Encephalartos woodii. A 1895 John Medley Wood ya same shi a dajin Ngoye na Afirka ta Kudu, namiji tilo. Duk waɗanda ke lambuna yau daga tohonsa aka dasa su, gadonsu ɗaya ne sak, kuma har yanzu ba a ga macensa ba.