Aiki daga gida: amsoshin tambayoyin da kuka ƙi daina yi mini

Tun da aka ji cewa a ɗakina nake aiki kuma albashi na shigowa, ba na zuwa ɗaurin aure ko suna ba tare da wani ya ja ni gefe ba. Tambayoyin kuma su ke nan kullum. Ga su nan da amsoshinsu, kowa ya ɗauki tasa ya bar ni in ci shinkafata.

Gwamnati na raba aikin yi daga gida? Ina ake cike fom?

Ba ta rabawa, babu kuma wani fom.

To shirin 3MTT fa?

Horo ne. Ma'aikatar sadarwa ta tarayya ce ta ƙaddamar da shi a 2023 ƙarƙashin minista Bosun Tijani, da burin koya wa mutum miliyan 3 sana'o'in kwamfuta. Kyauta ne, duk wanda ya ce ka ba shi na goro ya sa sunanka, cutarka zai yi. Ka shiga in ka samu. Amma mai ɗaukar aiki ba ya tambayar takardar kammalawa, cewa zai yi nuna mini abin da ka taɓa yi.

An ce in biya dubu 15 kuɗin rajista, in riƙa latsa hotuna a waya ana biya na kullum.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mun ga MMM a 2016, mun ga CBEX a Afrilun 2025, duk tsare-tsaren damfara ne da suka cinye kuɗin mutane, har yanzu kuna tambaya? Aiki shi ke biyanka, ba kai ke biyan sa ba.

Ba jiharmu ta Kaduna ce ta fara ba ma'aikata damar aiki daga gida ba?

Ta yi wani abu mai kama da haka. Daga 1 ga Disamban 2021 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta mayar da zuwa ofis kwana huɗu, Litinin zuwa Alhamis, ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma, Juma'a kuma a yi aiki daga gida. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, jihohin Edo da Kwara suka rage zuwa kwana uku.

Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin tsarin aiki daga gida ba. Akawun da fayil ɗinsa na takarda ke kulle cikin kabad a sakatariya, ba a ba shi kwamfuta ba, ba a sa masa data ba, me zai yi a gida ranar Juma'a? Gona zai tafi, ko ya buɗe shagonsa, ban kuma ga laifinsa ba. Na Edo da Kwara ma ba su ɓoye dalili ba: kuɗin mota ne ya fi ƙarfin albashi.

Akwai dokar da za ta tilasta wa oga ya bar ni in yi aiki daga gida?

Babu. Dokar ƙwadagonmu tun ta shekarun 1970 ce, ba ta san da wannan zance ba. Abin da ke cikin takardar ɗaukarka aiki shi ne naka.

Wa zai biya kuɗin data da man janareta?

Kai, sai fa in an rubuta akasin haka. A Fotugal dokar 2021 ta ɗora wa kamfani ƙarin kuɗin wuta da intanet ɗin ma'aikacin gida, ta kuma hana oga neman sa bayan an tashi. Faransa na da irin wannan ta hana damun ma'aikaci tun 2017. Mu ba mu da ko ɗaya, alhali a Afrilun 2024 an kai kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba sa'o'in wuta, naira 225 kowane yunit, a Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data.

Ka je Samaru da azahar ka gani da idonka. Saurayi a kan tabarma, kwamfuta bisa ƙaramin teburi, ya rataye na'urar intanet a jikin taga don nan ne kaɗai sabis ke kamawa, inbata na ta ƙara alamar batir ya kusa mutuwa, ga taro da mutanen Landan saura minti goma. Ƙaninsa ya riga ya ruga da galan. Duk wannan daga aljihunsa ne. Don haka tun kafin ka ce ka amince da albashi, ka nemi a rubuta maka alawus na data da wuta. Kada ka ji kunya, ba roƙo ba ne. Ka kuma riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban.

Kamfanin waje ke biya na da dala, ina zaune a Tudun Wada. Akwai haraji a kaina? Wa zan biya?

Wannan ce kaɗai tambayar da ta cancanci a zauna, kuma amsarta ta danganta da abubuwa da yawa, don haka ka karanta har ƙarshe kafin ka je kana cewa ni na ce.

Asalin ƙa'idar dai, mazaunin Nijeriya ana bin sa harajin abin da ya samu ko daga ina ya zo. Kuɗin ya fito daga Amurka ko Dubai, wannan bai fitar da kai ba. Harajin mutum kuma na jihar da yake zaune ne, wato kai da KADIRS, hukumar tattara haraji ta jihar Kaduna, za ka yi hulɗa. Ko da kamfanin Legas ne ya ɗauke ka kana zaune a Zariya, abin da yake cirewa a albashinka Kaduna ya kamata ya turo wa. Ka tambayi akantansu inda yake kaiwa, don ran da za ka nemi takardar shaidar biyan haraji, a nan za ka nema.

Kamfanin da ba shi da ofis a ƙasar nan kuwa, galibi ba wanda zai cire maka komai. Kai za ka yi rajista, ka bayyana abin da ka samu a shekara, yawanci kafin ƙarshen Maris. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, mai aiki daga Janairun 2026, ta yafe naira dubu 800 na farko a shekara, daga nan kason ke hawa mataki-mataki har zuwa kashi 25 ga manyan masu samu. Mai zaman haya na da rangwamen kashi 20 na kuɗin hayarsa, iyakarsa naira dubu 500, in yana da rasit. Mai karɓar ko da dala 300 a wata ya riga ya wuce dubu 800 nesa, kada ya ruɗi kansa.

Inda abin ke rikicewa shi ne matsayinka. Ma'aikaci ne kai ko ɗan kwangila? Duba takardarka. Yawancin kamfanonin waje a matsayin ɗan kwangila suke ɗaukar mutanenmu, kuma hakan na da fuska biyu. Mai yiwuwa ka iya cire kuɗin da ka kashe don aikin, kamar data da gyaran kwamfuta, kafin a lissafa maka haraji, muddin ka ajiye rasit kuma jami'in ya gamsu cewa na aikin ne, ba wutar gidanku baki ɗaya ba. A ɗaya ɓangaren, babu fansho. Dokar fansho ta 2014 ta sa ma'aikaci ya ajiye kashi 8, kamfani ya ƙara kashi 10. Ɗan kwangila ba wanda ke ƙara masa sisi, kuma in an sallame shi da saƙon imel da asuba, kai ƙarar kamfanin da ke wata nahiya gaban kotun ma'aikata ta ƙasa abu ne mai wuya.

Sai kuma in can ƙasar sun riga sun cire wani abu. Nijeriya na da yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu da wasu ƙasashe, irin su Birtaniya, Faransa da Kanada, amma ba ta da ita da Amurka. Kamfanin Amurka kan turo fom ɗin W-8BEN, wanda ke shaida cewa kai ba ɗan ƙasarsu ba ne. Ka cike shi, ba tarko ba ne. Ko za a rage maka abin da aka cire a can, wannan ya danganta da ƙasar da irin kuɗin, kuma a nan ne nake cewa ka biya akanta mai lasisi ya duba takardunka, kada ka dogara da ni ko da abokinka na majalisa.

Kada hankalinka ya tashi. Buɗe littafi, ka riƙa rubuta ranar da kuɗi ya shigo, nawa ne, da farashin canji na ranar. Rabin wahalar ke nan. Batun zakka kuma daban yake, malaminka za ka tambaya.

Ni matar aure ce a cikin birni, zan iya?

Sosai kuwa, 'yar'uwa, wataƙila ma ke abin ya fi yi wa amfani. Fassara, lissafin kuɗi, amsa wa abokan ciniki, koyarwa, duk ana yi daga ɗaki. Amma ku zauna da maigida da mutanen gida a yanke sa'o'in aiki. Ku kuma 'yan gida ku ji tsoron Allah: wanda ya rufe ƙofa yana aiki ba zaman banza yake ba, ku daina aiken sa kasuwar Sabon Gari don kun ga takalminsa a waje.

Da waya kaɗai zan iya?

Ka iya fara koyo. Aiki na sosai sai kwamfuta, ko da wadda aka taɓa amfani da ita ce.

To me kake so gwamnati ta yi?

Wuta. Bayan wuta, wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa ta shiga unguwanni. Kaduna ta yi abin a yaba a 2020 da ta yafe wa kamfanonin sadarwa kuɗin haƙa hanyar shimfiɗa waya, lokacin da ake ta jan jihohi su sauko zuwa naira 145 kowace mita. Saura a ga wayar ta kai Gyallesu da Ɗanmagaji. Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga kwalejin Nuhu Bamalli, bai rasa masu ilimin yin aikin ba. A kuma ja wa masu tsaron shingen hanya kunne, su daina kallon duk saurayin da ke ɗauke da kwamfuta a jaka a matsayin ɗan damfara.

Yaya, za ka haɗa ni da kamfaninku?

Turo mini aikin da ka taɓa yi da hannunka. In babu, a'a.