Masu son mayar da tsohon gida gidan tarihi, ga amsoshinku

Tambayoyin nan an yi min su har na gaji, to bari in amsa a wuri ɗaya, duk wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Daga ina za mu fara?

Rufi. Ba fenti ba, ba allon suna ba. Ruwa ne ajalin tsohon gida, in sama na yoyo duk abin da kuka yi a ƙasa asara ce.

Mu canza tagogin da na zamani?

A'a. Kafinta ya yanke inda ya ruɓe ya dasa sabon katako. In kun cire na asali me mutane za su zo kallo?

Ɗakin da ya rushe tuntuni fa, mu sake gina shi?

In akwai tsohon hoto ko zane, bismillah. In babu ku bar shi. Yarjejeniyar Venice ta 1964 kan adanawa da gyaran gine-ginen tarihi ma haka ta ce, gyara na tsayawa ne inda zato ya fara.

Bango na danshi, shafe na zubowa, mu yaɓe da siminti?

To nan ne fa. A mafi yawan lokuta a'a, amma ya danganta da abin da aka gina bangon da shi, kuma ni ban ga naku ba. Bangon ƙasa ko na dutse ko tsohon tubali yakan sha danshi ya fitar da shi ta jikinsa, siminti kuma tauri gare shi ba ya barin ruwa ya fita, sai ruwan ya maƙale a ciki yana cin bangon a ɓoye, waje sumul, kana ƙwanƙwasawa ka ji kamar ganga, wata rana faifan simintin ya faɗo gaba ɗaya da rabin bango a jikinsa. Don haka da irin abin da aka yi shi ake gyara shi, ƙasa da ƙasa, farar ƙasa da farar ƙasa. Amma kafin nan ku nemo inda ruwan ke shigowa, wataƙila indararo ne ya toshe, ko ƙasar waje ta fi daɓen ciki tudu, ko famfo ke yoyo. Farin garin nan da ke fitowa a gindin bango gishiri ne, ku share shi a bushe, kar ku wanke. Kuma bango mai kauri yakan ɗauki watanni kafin ya bushe, ba wai aikin bai yi ba ne, ku kwantar da hankali. Sai dai in tsagewa ce da ke ƙara faɗi, wannan kam ku daina tambayata ku kira injiniya.

Tsohon fentin mu kankare?

Ku gwada shi tukuna, ƙila da dalma a ciki. Amurka ma sai 1978 ta hana fentin dalma a gidaje. Ƙurarsa guba ce, musamman ga yara.

Mutanen gari na ta kawo kaya, mu karɓa duka?

Haba! Gidan tarihi ne ko sito? Abin da kuka karɓa ku ba shi lamba, ku rubuta wanda ya kawo da labarinsa, kuma ya sa hannu kyauta ce ko aro, don gobe jikoki za su zo nema. Takardu da tufafi nesa da taga, rana na cinye launi kuma ba ya dawowa.

Yaushe za mu buɗe?

Ku bari damina ɗaya ta wuce a kan sabon rufin tukuna.