Asiton: ruwan da ke cire jan farce, ya kuma ci teburin mai aiki

Duk wadda ta taɓa shiga shagon gyaran farce a Titin Gidan Zoo ko Sabon Gari ta san warin nan mai kaifi, mai ɗan zaƙi-zaƙi, da ke sukar hanci tun daga bakin ƙofa. Warin asiton ke nan. Masu sana'ar sun fi kiransa rimuba, wasu su ce ruwan goge jan farce, wasu kuma su haɗa shi da tinar masu fenti su ce ai duk abu ɗaya ne. Hannunsu na cikinsa daga safe har dare, amma ba kowa ce za ta iya faɗin abin da yake iyawa da abin da ba ya iyawa ba. Abin da ba ya iyawar shi ya fi damuna, kuma zan zo kansa.

Asiton sinadari ne, ruwa garau marar launi, aikinsa narkarwa. Yadda ruwa ke narkar da gishiri da sukari, haka shi yake narkar da abubuwan da ruwa ba ya iya musu komai: fenti, gam, maiƙo, da wasu nau'o'in roba. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Latin da ke nufin khal, wato ruwan tsamin nan da ake kira binega, domin a da daga gishirin tsamin khal ake fitar da shi, kuma masana kimiyya na Faransa ne suka raɗa masa wannan suna a 1833. Jikin ɗan Adam ma yana samar da shi kaɗan-kaɗan, musamman idan mutum ya daɗe bai ci abinci ba. Mai ciwon suga da ciwon ya tsananta, akan ji warinsa a numfashinsa, kuma likitoci na ɗaukar hakan alamar gaggawa.

Shi jan farce ba komai ba ne illa wani sinadari mai kama da roba da aka narkar a ruwa mai saurin bushewa, aka zuba masa launi. In an shafa, ruwan ya tashi, robar ta zauna a kan farce. Asiton mayar da aikin baya yake yi: ya sake narkar da robar, auduga ta kwashe. Ba kowace rimuba ce asiton ba. Akwai mai sauƙi wadda ba ta busar da fata sosai, amma ba ta iya cire farcen roba ko fentin nan mai tauri da ake gasawa a ƙarƙashin fitila. Waɗannan sai asiton zalla, a jiƙa auduga a ɗora, a naɗe yatsa da foyil minti 10 zuwa 15, wani lokacin ma fiye.

A Kano kuwa kwalbar asiton ba ta hutawa, saboda dalili namu na gida. Lalle rina farce yake yi, ruwan alwala na ratsawa. Jan farce rufe shi yake yi. Don haka mace za ta shafa don biki ko a kwanakin da ba ta salla, kwana biyu ta dawo a cire mata. Shafawa da cirewa kusan tare suke tafiya, kuma duk cirewa a kan tebur ɗaya ake yin ta.

Ƙanwata ta buɗe ɗan shagonta da tebur na katako da aka sayo allunansa a 'Yan Katako na Na'ibawa, kafinta ya haɗa, ya sha banish har mutum na ganin fuskarsa a ciki. Ba a yi mako guda ba ta kira ni muryarta na rawa: "Yaya, zo ki ga teburina." Gindin kwalbar ya bar farin zobe, inda auduga ta kwanta ya yi laushi yana danƙo, inda ta yi saurin gogewa da tsumma kuma banish ɗin ya biyo tsumman gaba ɗaya, katako ya fito tsirara. Da muka koma wurin kafintan, ya shafa wurin da yatsa ya ce, "Hajiya, ai banish ɗan'uwan jan farce ne. Abin da ya cire wannan dole ya cire wancan." Gaskiyarsa. Asiton bai san farce ba, bai san tebur ba, fenti kawai yake gani.

Kuma ba banish kaɗai yake ci ba. Robar nan mai haske kamar gilashi da ake jera kwalaben jan farce a ciki tana yin hazo ta tsattsage. Jikin fitilar gasa farce yana narkewa ya yi tabo. Bayan waya, gilashin tabarau na roba, duk ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata su, kuma galibi na kwastoma ne da ta ajiye kusa da hannunta. Farin soson da ake tokare sabuwar firji da shi a kwali, asiton na taɓa shi yake zama kamar kunu. Abubuwan da ba ya iya musu komai su ne gilashi, ƙarfen silba marar tsatsa, tayil, da robar da aka yi kwalbarsa da ita, wadda za a ga lamba 2 ko 5 a cikin alama mai kusurwa uku a gindinta. Shi ya sa juye asiton a kowace roba da aka samu a gida ganganci ne. Fomaika tana jure ɗigo idan an ɗauke da wuri, amma bakin allon da ke ƙarƙashinta in ruwa ya samu hanya sai ya kumbura, daga nan kuma ba gyara.

A ganina babu abin da ya kai gilashi a kan teburin wannan sana'a. A auna tebur, a je wurin masu yankan gilashi a sa su yanko mai kauri, kamar mili 6 zuwa sama, a kuma roƙe su su goge bakinsa don kada ya yanki hannun kowa. A kan gilashin a shimfiɗa tawul, a kan tawul a sa takarda mai tsotse ruwa da za a jefar bayan kowace kwastoma. Kwalbar asiton da gam su zauna a cikin ɗan faranti na silba, ba a kan tebur kai-tsaye ba. Akwai kwalba mai famfo a ka, wadda ake danna auduga a samanta ruwan ya taso daidai buƙata, ko ta faɗi ba ta malala kamar buɗaɗɗiya. In kuma ya zube a kan katako, kada a goga. A ɗora takarda ta tsotse, a ɗaga, a bar wurin ya bushe da kansa, domin sau da yawa gugar ce ke kwashe fentin da ya yi laushi.

Gam na manna farce ma akwai abin lura a kansa. Dangin sufa gulu ne, kuma idan ya zuba da yawa a kan auduga ko yadin auduga yana ɗaukar zafi nan take, har ya ƙona fata ta cikin zane. Kada a tare shi da auduga. A gilashi, a bar shi ya bushe, a jiƙa da asiton, a kankare da reza a kwance.

Sai maganar wuta. Asiton yana tafasa a digiri 56 kacal, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu na wuce 40. Kwalba a buɗe, rabinta iska ke sha. Tururin nan yana kama wuta ko a sanyin da ruwa ke zama ƙanƙara, kuma ya fi iska nauyi, don haka ƙasa yake sauka ya bi daɓe. Me ke ajiye a ƙasa a shagunanmu na mata? Kaskon turaren wuta da garwashinsa. Na sha ganin an kunna shi musamman don a kashe warin rimuba, kuma gabana faɗuwa yake yi duk lokacin da na gani. Haka kyandir in an ɗauke wuta, haka maganin sauro na kunnawa. Warin asiton taga ke korarsa, ba turare ba. Masu ɗumama shi don ya yi saurin aiki, su sa ƙaramin kwano a cikin ruwan ɗumi, kada a kusanta shi da risho ko gas.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Idan aka goge gilashi da asiton, maiƙo ya tafi, tabon fenti ya tafi, tebur ya ɗauki ƙyalli, ga wari irin na asibiti. Ido ya gamsu, hanci ya gamsu, sai a ce an tsabtace. Kyan ɗan maciji ne. Asiton ba ya cikin abubuwan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa don kashe ƙwayoyin cuta a kan tebur da makamantansu, kuma kafin ya yi wani abin kirki ya riga ya bi iska. A wannan teburin kuwa ana yanke fatar gefen farce, almakashi na zamewa, jini na fita ko da ɗigon da ba a lura da shi ba. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7, ko a busasshen jini. Babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya gano tana jikin kashi 8.1 cikin ɗari na manya, kuma mafi yawansu lafiya lau suke jin kansu. Amaryar da ta zauna da hantsi da ƙawarta da ta zauna da azahar, hannu ɗaya ya taɓa su, a wuri ɗaya suka ɗora yatsunsu. Amana ce mai nauyi a wuyan mai shago.

Tsabtar gaskiya hawa biyu ce, kuma ba a tsallake na farko. A fara kwashe garin farce da ƙura da jiƙaƙƙen tsumma, ba da hurawa ko kakkaɓewa ba, balle a lokacin hunturu da ƙura ke sauka a kan komai cikin awa guda. A wanke da ruwa da sabulu. Sannan a zo da maganin kashe ƙwayoyi, domin in an zuba shi a kan datti, dattin ke cinye ƙarfinsa. Ko dai sifirit mai ƙarfin kashi 70 zuwa 90, ko ruwan bilic irin su Jik da Hypo da aka sirka. A duba jikin robar. Idan an rubuta kashi 3.5, murfi ɗaya na bilic da murfi 34 na ruwa ya isa gogewar yau da kullum. Inda jini ya zuba kuwa, ɗaya da 6, a sa safar hannu, a bar shi kamar minti 10. Kullum ake haɗa sabo, na jiya ya riga ya sane, musamman in ya sha rana.

Abin da aka fi yin sakaci da shi shi ne jira. Magani ba ya aiki da taɓawa kawai, sai wurin ya zauna a jiƙe aƙalla minti ɗaya. A zafin Kano sifirit na bushewa kafin nan, don haka a ƙara shafawa. Fesawa a bi da busasshen tsumma nan take asarar magani ce.

Kada kuma a kuskura a haɗa bilic da asiton, ko a tsumma ɗaya ko a kwano ɗaya. Haɗuwarsu na haifar da kulorofom, sinadarin da a da ake sumar da marasa lafiya da shi, mai illa ga hanta. Bilic da sifirit ma ba a gauraya su. In an cire tabo da asiton, a bari ya bushe sarai, a wanke da sabulu, sannan bilic ya biyo.

A nan ne kare tebur da tsabtace shi suka zama magana ɗaya. Katakon da asiton ya ci fentinsa ya zama soso, yana shan ruwa da maiƙo da duk abin da ya ɗiga, ba kuma maganin da zai bi shi cikin ramukansa ya fito da shi. Sifirit ma yana dusar da banish, bilic yana koɗar da shi. Gilashi kuwa yana ɗaukar ukun nan kullum bai canza ba. Magogin farce na takarda da sandar katako ta tura fata ba sa wankuwa, kowace kwastoma da nata. Almakashi da abin yankan farce kuma nasu babin daban ne, akwatin nan mai shuɗiyar fitila da ake saka su a ciki don kashe ƙwayoyi ba ya maye gurbin wanki da jiƙawa a magani.

Ƙanwata ba ta sake tebur ba, kuɗin bai kai ba. Kafintan ya kankare saman, ta ɗora gilashi, farin zoben na nan ana hango inuwarsa ta ƙasa. Audugar da ta sha asiton tana jefa ta a gwangwani mai murfi, kwalbar na cikin durowa nesa da taga, kaskon turare kuma ya koma baranda. Ranar jajiberin Salla, layi har waje, na ji wata na ce mata ta yi sauri tana da kitso a gaba. Ta ɗaga kai daga jiƙaƙƙen gilashin ta ce, "Anti, ki yi haƙuri ki ba ni minti ɗaya, tebur bai gama shan magani ba." Matar ta duba agogon wayarta, ta gyara mayafi, ta zauna.