Waiwaye: Wa Ke Riƙe da Akalar Layin Wayarka?

Kafin 2001, layukan wayar tarho da ke aiki a faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, kuma kusan duk a hannun kamfanin gwamnati na NITEL suke. A Zariya mai waya a gida sananne ne: ko babban malamin jami'a a Samaru, ko attajirin Sabon Gari, ko wani mai sarauta a cikin birni. Sauran jama'a saƙonsu a hannun direba yake tafiya. A je tasha a ba shi wasiƙa da ɗan na goro, ko a aika gaisuwa gidan Rediyon Kaduna a zauna jiran ranar da za a karanto. Gwamnati ba ta damu da abin da talaka ke faɗa a waya ba, don talakan ba shi da wayar.

A watan Janairun 2001 hukumar sadarwa ta NCC, ƙarƙashin Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowanne a kan dala miliyan 285. Zuwa watan Agusta Econet da MTN sun fara aiki. Econet ɗin nan ita ce ta yi ta sauya suna, daga Vmobile zuwa Celtel zuwa Zain, kafin ta tsaya a Airtel. A farkon lamarin layi ɗaya yana kaiwa naira 20,000, minti ɗaya naira 50, kuma ko sallama kawai ka yi ka kashe, kuɗin minti guda za a cire maka, sai da Glo ta shigo a 2003 da lissafin sakan-sakan. Zamanin masu lema da ake biya a yi kira a wayarsu ke nan, da tebur da kujerar roba a PZ da Kwangila da bakin ƙofar jami'a, da zamanin filashin. Abin lura a wancan lokaci shi ne, za ka sayi layi a bakin titi babu mai tambayar sunanka, balle na mahaifinka.

Rajistar layuka ta fara a 2011, da hoto da zanen yatsu. Hujjar ita ce tsaro, kuma ba hujjar banza ba ce, don lokacin bama-bamai na tashi a Arewa, Zariya ma ta ɗanɗana. A 2012 'yan Boko Haram suka shiga ƙona turakun sadarwa, suna zargin kamfanoni da tona musu asiri. A watan Mayun 2013, da Shugaba Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, sai aka ɗauke sabis a jihohin uku ɗungurungum, aka yi makonni a haka. Ran nan aka gane cewa gwamnati na iya rufe bakin jiha guda da umarni ɗaya. Mu da ke nesa muka ce Allah Ya kyauta, muka ci gaba da harkokinmu.

Sai tarar MTN a watan Oktoban 2015: layuka miliyan 5.2 marasa cikakkiyar rajista, kowanne naira 200,000, jimilla naira tiriliyan 1.04. Bayan doguwar jayayya aka sasanta a kan biliyan 330. Daga nan babu kamfanin da ya sake wasa da umarnin hukuma. Idan aka ce a toshe, toshewa ake yi, in ya so mai layi ya bi sawu daga baya.

A shekarar 2015 ɗin dai, ana saura 'yan kwanaki ya sauka, Jonathan ya sa hannu a dokar laifukan intanet. An kawo ta ne da sunan 'yan damfara, amma sashe na 24 shi ya fi kowanne aiki. Sashen ya tanadi ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 7 ga wanda ya aika saƙon ƙarya don ya ɓata wa wani rai, ko ya ci masa mutunci, ko ya takura masa. To wane mai mulki ne suka ba ta ɓata wa rai? 'Yan damfara suka ci gaba da sana'arsu, 'yan jarida da masu rubutu a Facebook suka riƙa kwana a ofishin 'yan sanda. Jihar Kaduna ta yi suna a wannan fagen. An kama Audu Maikori a 2017 kan abin da ya rubuta a Twitter, aka ɗauko shi daga Legas, daga baya kotu ta ce an tauye masa haƙƙi. An tsare ɗan jarida Luka Binniyat a ƙarshen 2021 kan wani rahoto. Ga kuma Abubakar Idris Dadiyata, malamin jami'a mai zafin alƙalami, wanda wasu mutane suka ɗauke a gidansa na Barnawa a farkon watan Agustan 2019. Shi ba ma kotu aka kai shi ba, har yau iyalinsa jira suke.

Majalisar dattawa ta yi ta ƙoƙarin ƙara wani ƙulli a kan wannan. Sanata Bala Ibn Na'Allah ya kawo ƙudiri a 2015, aka janye shi a 2016 bayan an yi masa ca. A 2019 Sanata Sani Musa ya kawo nasa na kafafen sada zumunta, Sanata Sabi Abdullahi ya kawo na kalaman ƙiyayya har da hukuncin rataya a ciki. Duka ukun 'yan Arewa ne, kuma duka ƙudirorin sun mutu a hanya, galibi saboda hayaniyar da aka yi daga Kudu.

Abin da ya taɓa kowa har cikin ɗaki shi ne na watan Disambar 2020. Ministan sadarwa Isa Ali Pantami ya ba da umarnin a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN cikin mako biyu, ko a rufe shi, aka kuma dakatar da sayar da sababbin layuka har zuwa watan Afrilun 2021. Hukumar NIMC mai bayar da lambar tun 2007 aka kafa ta, amma a cikin shekara 13 ba ta yi wa ko rabin masu layi rajista ba, sai ga shi ana so a gama a kwana 14, kuma a daidai lokacin da gwamnati ke cewa a guji cunkoso saboda korona. Wanda ya bi ta wata cibiyar rajista a garin nan a cikin hunturun ya ga abin. Tun kafin asuba ake rubuta suna a fallen takarda, a ɗora dutse a kai. Mata da goyo, tsofaffi daga ƙauyukan Giwa da Soba da Makarfi, ɗalibai masu neman JAMB, don ita ma ta wajabta lambar. Rajistar kyauta ce a takarda, amma akwai kuɗin man janareta, akwai kuɗin fom, akwai na mai shigar da kai ta ƙofar baya. Na ga wata tsohuwa da na'ura ta ƙi ɗaukar yatsunta. Yaron da ke aikin ya ce, “Iya, goge hannun a zaninki ki sake ɗorawa.” Ta goge, ta ɗora, shiru. Ta dube shi ta ce, “Ɗan nan, hannun da ya tsufa a surfe da wanke-wanke, wane zane ya rage a jikinsa?” Aka ce ta dawo in lallen ya goge. Kuɗin motar da za ta sake kashewa ya fi abin da take sa wa wayar a wata.

Aka yi ta ɗage wa'adi har aka daina ƙirgawa. A ranar 4 ga Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 kiran waya.

Kafin nan an yi rikicin Twitter. A farkon watan Yunin 2021 kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Buhari da ya taɓo yaƙin basasa. Bayan kwana biyu ministan yaɗa labarai Lai Mohammed ya sanar da dakatar da Twitter, kuma a Twitter ɗin aka wallafa sanarwar. Ministan shari'a Abubakar Malami ya yi barazanar gurfanar da duk wanda ya ci gaba da shiga, ba tare da an nuna dokar da mutum ya karya ba. Kwana 222 aka yi, sai ranar 13 ga Janairun 2022 aka buɗe, bayan an ce kamfanin ya yarda zai yi rajista a Najeriya, ya naɗa wakili, ya biya haraji. A watan Yulin 2022 kotun ECOWAS ta ce dakatarwar ta saɓa wa doka.

Waɗanda suka fi kowa shiri a ranar da aka rufe su ne yaran shagon gem, waɗanda iyaye ke kora da bulala daga gaban PlayStation. Su da ma sun daɗe da sanin VPN, manhajar da ke sa waya ta zama kamar a wata ƙasa take, wasu don su shiga wasan PUBG ko Call of Duty ta wata ƙasa, wasu don farautar data ta ɓagas. A wani shago a Samaru, janareta na ruri, yara na musun wa ya ci wa a wasan ƙwallo, sai ga wani magidanci da babbar riga ya tsaya a bakin ƙofa yana jin nauyin shiga. Ɗan ƙanwarsa ya ajiye abin bugawa ya fito. “Kawu, kawo wayar. Wace ƙasa kake so in kai ka, Jamus ko Kanada?” Cikin minti biyu Kawu ya koma Jamus yana tsaye a Samaru.

Amma a faɗi gaskiya, a Arewa tafi aka fi yi. Mu mutanen Facebook da WhatsApp ne, Twitter ta 'yan Legas ce da masu EndSARS, sannan wanda aka taɓa namu ne. Aka ce maganinsu ke nan. Ba a yi wata uku cikakku ba abin ya iso ƙofar gida.

Ranar 3 ga Satumbar 2021, bisa roƙon Gwamna Bello Matawalle, NCC ta umarci kamfanoni su kashe sabis a Zamfara baki ɗaya, wai na mako biyu. Katsina ta bi sahu da ƙananan hukumomi 13, ciki har da Funtuwa maƙwabciyarmu. Sakkwato ta bi. A ƙarshen watan gwamnatin Nasir El-Rufai, ta bakin kwamishinan tsaro Samuel Aruwan, ta sanar da rufe sabis a wasu sassan jihar Kaduna, tare da hana hawa babur na wata uku. Da ma an riga an dakatar da kasuwannin mako a Giwa da Birnin Gwari da Igabi da Chikun da Kajuru, an hana sayar da mai a jarka. Ba za a ce babu dalili ba. A watan Yunin shekarar aka shiga kwalejin Nuhu Bamalli aka kwashi ɗalibai da malamai, unguwannin gefen gari kuma ba sa barci da ido biyu. Mutane sun gaji, duk abin da aka ce zai kawo sauƙi za su karɓa.

Sai dai lissafin bai fita yadda aka zata ba. Ɗan bindiga yana da babur, yana da kuɗin mai ko nawa ne, a yankunan kan iyaka yana kama sabis ɗin Nijar, inda babu kuma ya aika wa dagaci wasiƙa. Wanda aka yanke wa hanya shi ne ɗan ƙauyen da a da zai buga wa ƙauyen gaba ya ce ga su nan tafe, ko ya kira ɗan sa-kai, ko ya nemi mota a kai mai naƙuda asibitin Shika. Masu POS suka rufe, cinikin masara da waken suya ya koma sai hannu da hannu a lokacin kaka, wato sai mutum ya ɗauko tsabar kuɗi ya bi hanyar da ake tsoro. Mutane suka riƙa biyan kuɗin mota su shigo Zariya don kawai su yi kira, su duba ko an turo kuɗi, su juya. A watan Nuwamba, ana tsaka da matakin, aka sace ma'aikatan ƙaramar hukumar Zariya 13 a hanyar Giwa, za su ta'aziyya. A ƙarshen watan aka maido da sabis. Bayan wata huɗu, ranar 28 ga Maris 2022, aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, kuma maharan suka shafe watanni suna kiran iyalai a waya, suna fitar da bidiyo.

Nan ne tambayar take, wane amfani duk waɗannan matakan suka yi wa tsaro, kuma ba a amsa ta ba. An ce a yi rajista don a kama masu garkuwa, an yi. An ce a haɗa da NIN, an haɗa. Har gobe da waya ake cinikin kuɗin fansa. Shi kansa Pantami, bayan ya bar kujera, ya fito a farkon 2024 ya ce tsarin yana nan, jami'an tsaro ne ba sa amfani da shi yadda ya kamata. Amma idan yaro ya yi wa matar shugaban ƙasa shaguɓe a Twitter, kamar ɗalibin nan na jami'ar Dutse a 2022, sai a bi sawunsa har makaranta a ɗauko shi zuwa Abuja. Ashe na'urar tana gani.

Bayanan da aka sha wuya aka bayar ma ba su tsira ba. An sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, aka kafa mata hukuma. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative mai kare haƙƙin masu amfani da intanet ta ce ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa Bosun Tijani a wani shafin intanet a kan naira 100. NIMC ta musanta cewa an kutsa rumbunta, ta ɗora laifin a kan shafukan bogi. Ko ta ina aka bi, mai naira 100 ya ga hoton minista da ranar haihuwarsa.

An ɗan gyara wasu abubuwa. Bayan kotun ECOWAS ta yi hukunci a kan sashe na 24, Shugaba Tinubu ya sa hannu a kwaskwarima a watan Fabrairun 2024, aka cire maganar ɓata rai da takurawa, aka bar ƙaryar da za ta iya tada hankalin jama'a ko barazana ga rai. Kamen dai bai tsaya ba, don ɗan sanda ne ke fara fassara doka kafin alƙali ya gan ta. A ƙarshen watan Yulin 2024, saura kwanaki a fara zanga-zangar tsadar rayuwa, aka wayi gari an toshe ɗimbin layuka da sunan NIN, sai da jama'a suka cika ofisoshin kamfanoni kafin NCC ta ce a buɗe. Aka ce dacewa ce kawai. Ranar 5 ga Agusta aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya, ranar 14 ga Satumba wa'adin ƙarshe na haɗa layi ya cika, a watan Janairun 2025 kuma aka amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100.

Ikon kashe sabis kuwa yana nan inda yake, a sashe na 148 na dokar sadarwa ta 2003, dokar da aka rubuta shekara guda kafin a ƙirƙiro Facebook. Sashen ya ba NCC damar janye sabis idan an shiga halin ta-ɓaci ko don tsaron jama'a, bai kuma ce sai an fara zuwa gaban alƙali ba.