Baƙin furannin daji a ƙasar Sakkwato

Baƙin furannin daji su ne tsirrai masu fure waɗanda asalinsu ba na ƙasar nan ba ne, amma suka samu wurin zama har suke fitowa da kansu a bakin hanya, da juji, da burtali, da fadama. Yawancin waɗanda ake gani a Sakkwato daga nahiyar Amurka suka fito. Bayan 1492 jiragen ruwan Turawa sun riƙa ɗauko irin masara da gyaɗa da barkono da taba zuwa Afirka, irin ciyayi kuma ya biyo su a ɓoye. Daga gaɓar teku sai fatake da dabbobi suka ƙarasa aikin.

Sunan Hausa ba shi ne shaidar zama ɗan ƙasa ba. Tafasa da zaƙami suna cikin sunayen tsirrai da likita J. M. Dalziel ya tattara a Arewa ya buga a 1916, alhali dukansu 'yan Amurka ne. Sun daɗe ne kawai har an manta da baƙuncinsu.

Tafasa, wato Senna obtusifolia, ita ce ta fi dacewa da masauki. Da ruwan farko ya sauka a watan Yuni take rufe fili, ta yi fure rawaya, mata su tsinki ganyen su dafa su yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Makiyayi kuwa ba ya yabonta, don shanu ba su cika cin ta ɗanya ba, kuma inda ta yi yawa ciyawar kirki ba ta samun wuri. 'Yar uwarta rai-ɗore ta fi shiga harkar magani.

Kashin yawo, Acanthospermum hispidum, ba shi da mai kare shi. Furensa ɗan mitsitsi ne, amma 'ya'yansa ƙaya ce mai ƙugiya da ke maƙalewa a gashin tumaki da wutsiyar shanu da bakin wando. Da haka yake yawon da ya ba shi suna, shi ya sa ya fi yawa a mashaya, da makwantar dabbobi, da kasuwannin kara irin ta Illela.

Biyu daga cikinsu dafi gare su. Zaƙami, dangin Datura, mai farin fure kamar bakin kakaki, 'ya'yansa na gusar da hankali, har ana ce masa haukata-yaro, kuma idan aka sha da yawa yana kisa. Na biyun shi ne kwarko, Argemone mexicana, ɗan ƙasar Meziko mai ganye mai ƙaya da fure rawaya, wanda ke son busasshen bakin kogi da rani. Idan aka karya shi ruwa rawaya ke fita. Man irinsa da ya gauraya da man girki ya kumbura dubban mutane a birnin Delhi na Indiya a 1998, wasu suka mutu.

A cikin ruwa akwai Eichhornia crassipes, mai fure shuɗi-shuɗi, 'yar yankin Amazon. An fara ganin ta a Najeriya ta wajen Badagry a 1984, daga baya ta bayyana a Kogin Neja da tafkin Kainji, kuma cikin Nejan Kogin Sakkwato ke zuba. Tana toshe hanyar kwale-kwale da taru. Wasu na haɗa ta da kainuwa, amma ba ɗaya ba ne: kainuwa ganye ce shimfiɗe a kan ruwa, ba ta da wannan furen.

Duk da haka, manomin gero a Gwadabawa ko Wurno ba baƙi ne suka fi damun sa ba. Ƙuduji, mai kyakkyawan fure ja-ja da ke tsotse saiwar gero da dawa tun kafin ya ɓullo ƙasa, ɗan Afirka ne gaba da baya.